Neman Aure Ba Goro a Mauritius

Tun da na dawo, duk Juma'ar da na fito daga masallaci a Whitechapel sai an tare ni a bakin titi. Wannan ya ce, "Malam Bashir, yaya tsibiri?" Wancan ya ce, "Wai da gaske ne kun yi rabon shayi a titi da babbar riga?" Na yi ta ba da labarin a tsaye har ya soma sauya kama a bakin mutane. Ranar nan na ji wani yana faɗa wa wani cewa a kwalekwale muka isa gidan surukai. To ga shi a rubuce yadda ya faru, don mu huta gaba ɗaya.

Ba shan iska ya kai ni Mauritius ba, neman aure na je. Yayana, marigayi Dakta Sani, ya bar ɗa namiji guda, Faruk, haifaffen Landan, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti. A wurin aiki ya haɗu da Nazira, ma'aikaciyar jinya, Musulma, 'yar Mauritius, suka daidaita. Da Faruk ya buga wa mahaifinta waya, dattijon bai ce i ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Turo manyanka in gan su da idona kafin azumi." Ita kuwa Nazira ba ta ɓoye wa Faruk ba: in mahaifinta bai amince ba ba za ta yi ba, kuma da zarar kwangilar aikinta ta ƙare za ta tattara ta koma gida. Yaron ya rame a tsaye. Nauyin da aka ɗora mini ke nan.

Fahimtar da na yi wa maganar ita ce dattijon yana son ya auna addininmu. Don haka na shirya. Na tuno sunayen kakanninmu da suka yi limanci a Zariya, na jera su a kaina ɗaya bayan ɗaya, na kai babbar rigata wanki da guga.

Mahaifiyar Faruk, Hajiya Binta, ta kira ni gidanta a Barking. Na tarar ta shimfiɗa kaya a tsakar falo: goro fari da ja da ta sa aka samo mata a Peckham, alewa, turare, shadda, atamfa, da wani babban ƙunshi da ƙamshinsa ya riga shi gaisuwa.

"Kilishi ne," in ji ta. "Na musamman na sa aka yi. Wannan na uwar amarya ne, hannunta za ka danƙa."

Mahaifiyar Nazira ta rasu ta bar ta tana ƙarama. Abin da Faruk ya gaya mana shi ne wata mata da take kira Tantin Kamla, wato Inna Kamla, ita ta raine ta. Mu duka muka ɗauka ƙanwar uwa ce, babu wanda ya ƙara tambaya.

"Kuma da Bulus za ku tafi," in ji Hajiya.

Bulus mutumin Kagoro ne, Katolika, yana aiki a sashen gidaje na ƙaramar hukuma. Shi da marigayi tun makarantar kwana suke tare. Na ce, "Hajiya, gidan Musulmi za mu, kuma ga alama masu tsanani ne. Kada mu je da abin da za a yi ta tambaya a kai."

Ta ce, "Da yayanka na da rai, da wa zai tura?"

Na yi booking na mutum biyu.

Muka ɗauki kaya muka bi jirgin ƙasa na District line da sassafe, muna ta ba mutane haƙuri saboda akwatuna. A cikin jirgin sama, bayan an kwashe farantai, na matsa kusa da Bulus na ce masa in an zo gabatarwa ya bar ni in yi magana, kuma kada ya ɗago zancen coci sai in an tambaye shi.

Ya dube ni ta saman tabarau. "To Alaramma, in aka kira salla fa? In ce musu ina fashin salla?"

"Fada, ka dai ji abin da na ce."

"Na ji. Hular nan da Hajiya ta saya mini ma ta isa ta musuluntar da ni."

Mun bar Landan cikin sanyin da ke shiga ƙashi, muka sauka cikin zafi mai ɗanshi irin na Legas. Duba fasfo bai ɗauki lokaci ba. A wurin kaya aka samu matsala. Wata jami'a ta tambaye mu ko muna ɗauke da abinci, muka ce ɗan kaɗan. Kafin mu rufe baki wani ɗan ƙaramin kare mai faɗin kunnuwa ya zo ya zauna daf da akwatina, ya ƙura mini ido kamar mai bin bashi.

Bulus ya ce, "Malam, karen nan ya san kilishi."

Aka buɗe. Jami'ar ta ɗaga ƙunshin, ta sunsuna, ta ajiye gefe. Ta ɗaga ledar goro, ta juya guda ɗaya a hannu, ta ajiye kusa da shi. Ta yi mana bayani cikin ladabi: ƙasarsu tsibiri ce, in cuta ta shiga dabbobinsu ko gonakin rakensu babu inda za su gudu, saboda haka nama da ɗanyen tsiro ba sa wucewa. Kilishin ban ja da ita ba. Goron ne na tsaya a kai. Na gaya mata a ƙasarmu ba a buɗe baki a nemi 'yar mutum sai an ajiye wannan a gabansa. Ta saurare ni har na gama, ta yi murmushi, ta ce tana yi wa ango fatan alheri, ta jefa duka biyun a wani babban bokiti mai murfi.

Muka fito da alewa da yadi. Bulus ya ce, "Yanzu sai mu ce mun zo bikin suna."

Masaukinmu wani ƙaramin gida ne a Mahébourg, kusa da filin jirgin. Mai gidan, Madam Liz, kakanta daga China ya zo, ita kuma Katolika ce, tana jin Turanci da Faransanci da Kiriyol, harshen da kowa ke yi a can. Ɗakin tsaf, sai dai famfon ruwan zafi shi ke kawo sanyi, na sanyi ke kawo zafi, kuma ba ta ga dalilin gyarawa ba tun da duk wanda ya kwana ɗaya ya gane. Ta aika aka sayo mana abin da suke kira dalpuri, wata gurasa mai laushi kamar tsumma da ake cusa wa niƙaƙƙen wake a naɗe ta da miyar tumatir da yaji. Tare da ita aka kawo wasu 'yan dunƙule soyayyu. Bulus ya ciji ɗaya ya ajiye hannu a ƙirji.

"Malam, ƙosai ya riga mu zuwa."

Ƙosai ne kuwa, sai dai nasu ya fi namu barkono da ƙarfi a haƙori.

Da Madam Liz ta ji washegari za mu Vacoas, garin su Nazira da ke tsakiyar tsibirin, sai ta ajiye butar shayi. "Gobe? Wa ya ba ku gobe?"

Muka ce surukinmu.

Ta yi dariya, ta ce jibi babban bikin mabiya addinin Hindu ne, Maha Shivaratri, kuma tun kwanaki ake tafiya a ƙasa daga kowane lungu zuwa wani tafki da ke kan tsauni. Hanyar ta Vacoas take bi. Ni da na zaɓi ranakun tafiya, kalandar Ingila na duba, inda hutu ba ya wuce a ƙirga da yatsu kuma yawanci Litinin yake faɗowa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata ƙasa tana da kalandar da za ta iya tare wa mutum hanya ba.

A nan ta zayyana mana yadda suke rabon ranakun hutu. 'Yan Hindu suna da nasu, har ƙabilun Tamil da Telugu da Marathi a cikinsu kowa da ranarsa. Sinawa suna da sabuwar shekara. Musulmi suna da Ƙaramar Salla. Kiristoci suna da Kirsimeti, da wasu bukukuwa biyu da ake karɓa-karɓa, bana wannan baɗi wancan. Akwai ranar tunawa da 'yanta bayi, akwai ta tunawa da zuwan leburorin rake daga Indiya. Duk ranar da ta zo, kowa ke hutawa, mai bikin da wanda ba nasa ba.

Na ce, "Babbar Salla fa?"

Ta ce ba ta ciki, sai dai mutum ya nemi izini a wurin aiki.

Bulus ya soma dariyar mugunta. Ta juya ta ce masa Juma'a Mai Kyau ma ba ta ciki. Dariyar ta tsaya.

"Ranakun shekara ba za su ishe mu ba," in ji ta. "Kowa ya samu, kowa ya bar wani abu."

Na tuna gida, inda Salla ke zuwa da kwana biyu, in ta faɗo Asabar a biya mu da Litinin. Na tuna Landan, inda kowace shekara sai ka tsaya gaban shugabanka kana bayanin dalilin da ya sa kake son hutu amma ba ka san ranar ba sai an ga wata.

Washegari muka ci ado. Ni babbar riga ta shadda ruwan sararin samaniya, ta sha sitaci tana ƙara, Bulus kaftani da hula. Direban tasi, Suresh, ya dube mu ya dubi akwati, ya ce zai kai mu iya inda mota ta iya. Da farko hanya fes, rake hagu da dama, ana tuƙi ta hannun da muka saba a Ingila. Da muka fara hawa tudu sai muka soma cim musu: maza da mata da yara, yawancinsu cikin fararen kaya, wasu ba takalmi. Samari suna ɗauke da wasu rumfuna na gora da katako a kafaɗa, an yi musu ado da takarda mai launi da ƙananan madubai da ƙararrawa. Wasu ƙanana ne kamar kejin kaji, wasu sai mutum goma sun haɗu. Suresh ya ce suna zuwa ne su yi ibada a bakin tafkin, su ɗebo ruwa su kai wuraren bautarsu. Shi ma da ya sauke mu zai ajiye mota ya bi sahu.

Muna shiga Vacoas komai ya tsaya. Ya kashe mota ya ce, "Daga nan sai ƙafa."

Na kira mahaifin Nazira, wanda kowa ke kira Bai Rashid, wato Ɗan'uwa Rashid, tsohon shugaban makarantar firamare. Da ƙyar nake jin muryarsa saboda hayaniya. Ya ce kada mu je gida, babu kowa. Mu bi jama'a har mu ga wata rumfa mai koren tamfol kusa da shagon masu faci.

Muka bi. Sai aka soma yayyafi, irin na kan tudu wanda ba ya jiƙa mutum sai ya yi nisa. Sitacin rigata ya sallama, ta manne mini a jiki. Tayar akwati ɗaya ta cire, Bulus ya ɗora shi a ka. Haka muka tafi a tsakiyar fararen kaya da ƙararrawa, ni shuɗi shi ruwan goro, ana buɗa mana hanya ana gaishe mu. Wata tsohuwa ta miƙo mini lemarta, na ƙi, ta nace, muka yi tafiya tare a ƙarƙashinta ba wanda ke jin yaren wani.

A rumfar muka tarar da tebura jere, manyan tukwanen shayi, kwandunan burodi da soyayyen kayan lambu, mata masu lulluɓi suna zubawa, maza masu gemu suna miƙawa. Musulmin unguwar ne suke ciyar da masu tafiya. Wani siririn dattijo mai farar hula, da tawul a kafaɗa, ya taho ya yi mana sallama ya girgiza hannunmu.

"Ku ne mutanen Faruk. Sannunku. Riƙe wannan," ya danƙa mini ludayi. Ya ba Bulus tiren kofuna. Ya juya ya koma bakin tukunya.

Na tsaya da ludayi a hannu. A Zariya, in aka tarbi masu neman aure a bakin titi, ba tabarma ba ruwan sha, to an riga an ba su amsa. Na gaya wa Bulus haka da Hausa, a hankali, na ce ina ganin mu ajiye kayan mutane mu koma da mutuncinmu.

Ya ce, "Malam, wanda za a kora ba a ba shi ludayi. In ka je gari ka ga kowa da jela, nemi taka ka ɗaura. Naɗe rigar nan."

Na naɗe hannuwan rigar na aza a kafaɗa, na shiga zuba shayi. Na ɗan yi tunanin matsayin abin a addini, tunda mutanen nan ibadar da ba tawa ba suke zuwa. Ban daɗe a kai ba. Wanda ke gabana mutum ne da ya kwana yana tafiya, ƙafarsa ta kumbura, yana jin ƙishi. Ban san wani malami a cikin kakannin da na jero a kaina da zai ce in hana shi ruwa ba. Aka yi ta ɗaukar mu hoto. Wani ya tambaye ni ko ni sarki ne, Bulus ya ce masa i, amma an tuɓe ni.

Wajen tsakar rana Bai Rashid ya bar tukunya da sauri ya jawo kujera. Wata tsohuwa ce ta iso daga wajen tafkin, cikin farin sari, zanen matan Indiya, da 'yar gorar ruwa a rungume. Ya zaunar da ita, ya kawo mata shayi da hannunsa, yana kiranta Didi, wato Yaya. Sannan ya yafito mu.

"Wannan ita ce Kamla, maƙwabciyata. Ita ta karɓi haihuwar Nazira a asibiti, ita ta goya ta da uwarta ta rasu."

Na dubi jan ɗigon da ke goshinta, na dubi gorar ruwan. Bulus ya taka mini ƙafa a hankali. Na san abin da yake tunawa, don ni ma shi nake tunawa: ƙunshin naman saniya da Hajiya ta ce in danƙa a hannun uwar amarya, ga uwar amaryar nan, 'yar Hindu, su da ba sa cin saniya, ga ta kuma a tsakiyar azuminsu na ƙaurace wa nama. A zuciyata na yi wa karen nan addu'ar da ban taɓa yi wa kare ba.

Aka kira Azahar a wani ƙaramin masallaci da ke bayan layin. Bai Rashid ya ce mu je. Bulus ya ce mu tafi, zai riƙe tebur. Bayan mun idar, muna sa takalma, dattijon ya ce, "Abokinka ba ya salla?"

Na ce, "Kirista ne. Aminin mahaifin Faruk ne tun suna yara."

"Kuma kuka zo da shi neman aure."

"Uwar yaron ce ta ce ba za a yi ba sai da shi."

Muka taho ina lissafin yadda zan gaya wa Faruk.

Muka tarar Bulus ya ja benci kusa da Tantin Kamla, ya cire hula, suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Ashe tana ganin bai bi mu ba ta tambaye shi, shi kuma ya cika sharaɗina, tunda an tambaya. Ta yi wa Bai Rashid doguwar magana da Kiriyol tana nuna Bulus da haɓa. Sannan ta juyo gare ni da Turancinta na tsohuwar ungozoma, wanda ba ya kewaye-kewaye.

"Abin da muke gani a labarai game da ƙasarku, ƙarya ne?"

Na ce, "Ba ƙarya ba ne."

Ta ce, "Haka shi ma ya ce. Ya ce da rikici ya tashi a garin da suke, uban Faruk ne ya ɓoye shi da matarsa da jaririnsu a gidansa har ƙura ta lafa. Ya ce duk Kirsimeti Musulmi yake kira ya yanka masa rago don ku iya ci, kuma uwar Faruk ce ke dafa shinkafar."

"Saboda matata ba ta iya ba," in ji Bulus. "Amma kada maganar nan ta bar tsibirin nan."

Ba ta yi dariya ba, idonta na kaina. "Duk shekara in bikinmu na Diwali ya zo ina yi wa Nazira kayan zaƙi, ko tana Landan ina aika mata. In ya iso gidanku, ci za a yi ko zubarwa? In na mutu, za a bar ta ta zo ta tsaya a kaina?"

Sai a lokacin na gane abin da aka kira mu a auna. Ba yawan karatunmu ake tsoro ya gaza ba. Tsoron shi ne mu ɗauki yarinyar mu rufe ƙofa tsakaninta da matar da ta goya ta.

Na ce, "Ba zan yi miki alkawarin za mu yi ibadarki ba, kamar yadda ke ma ba za ki yi tamu ba. Amma abincin maƙwabci, in dai babu haram a ciki, ba a zubar da shi a gidan Hajiya Binta, kuma kwanon ba ya komawa wayam. Zuwa wurinki kuwa, wanda ya hana 'ya zuwa wurin uwarta ba shi da wurin zama a cikinmu."

Ta kawar da idonta daga kaina. Ta miƙa wa Bai Rashid kofinta ta ce shayin ya yi sanyi. Shi kuma ya ce mu zo gida gobe da hantsi. Da zai raka mu bakin titi na tambaye shi ko ya manta da bikin ne da ya sa mana wannan rana.

Ya ce, "Rumfar nan ubana ya fara ta, ban taɓa fashi ba. Ban manta ba. A falo kowa mutumin kirki ne."

Washegari, ranar hutun kanta, gari ya yi tsit, shaguna a rufe, har na Musulmi da na Sinawa. Muka isa da alewa da yadi da turare. Jiya a cikin hira Bulus ya ba Tantin Kamla labarin goron da aka ƙwace da abin da yake nufi a wurinmu. Muna isowa bakin ƙofa sai ga Tantin Kamla ta fito daga gidan da ke jingine da nasu, da faranti a hannu an rufe da kyalle. Ta tare mu ta buɗe. Wasu korayen ganyaye ne masu sheƙi, da wani ɗan itace mai tauri an yayyanka shi siri-siri. Ta ce da wannan kakanninsu, Hindu da Musulmi, suke buɗe irin wannan magana tun daga Indiya.

"Ba za ku shiga neman 'yata hannu rabbana ba," in ji ta. "Ku riƙe."

Na karɓa da hannu biyu. Muka shiga, aka zaunar da mu, wannan karon a kan kujeru, ga 'yan'uwan Bai Rashid sun cika falo. Na ajiye farantin a gabansa. Na ce mun zo ne daga nesa, a madadin marigayi Sani da iyalinsa, muna nema wa ɗanmu Faruk auren 'yarsu Nazira. Sunayen limaman Zariya ko ɗaya bai fito ba, babu wanda ya tambaya.

Bai Rashid ya dubi farantin, ya gane na waye. Ya ɗaga kai ya dubi Didi, wadda ke zaune a bakin ƙofa. Ta gyara mayafinta kawai.

Ya ce, "Na ba ku."

Aka yi Fatiha. Bulus ya sunkuyar da kai ya yi tasa. Aka naɗe ganyen aka miƙa wa kowa. Yana da bauri kamar goron da bai ƙosa ba, ga zafi a harshe, na tauna na haɗiye ban ɓata fuska ba. Shinkafar da aka kawo ta kayan lambu ce zalla, saboda Didi, ko da yake ita ba ta ci ba tana azumi. Ana cikin ci wani ƙanen Bai Rashid ya ce ya ji bayan goro akwai wani abu da aka karɓe mana a filin jirgi, mene ne?

Bulus ya riga ni. "Tsaraba ce. Ba ta dace da yanayin nan ba."

Na fita tsakar gida na kira Faruk. Bai ɗauka ba, yana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Can sai ga kiransa, ina jin ƙarar jirgi a bayansa. Yaron nan tun yana ƙarami in ka yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Na ce, "An ba ka." Sai ya ce, da Hausarsa mai karyayyen harshe, "Baffa, na gode. Allah ya saka da alheri. Ka gaishe da Baba Bulus."

Sauran kwanakin kalandar ta ci gaba da bin mu. Muna karyawa a gidan Madam Liz wata safiya sai ƙara ta tashi ta ko'ina, tas-tas-tas ba ƙaƙƙautawa. Kafin in ajiye kofi Bulus ya kai ƙarƙashin tebur, ni kuma ina bayan ƙofa. Madam Liz ta shigo da faranti ta same mu a haka. Sabuwar shekarar Sinawa ce, 'yan'uwanta ke wasan wuta a ƙofar gida. Ta ba mu wani tuwon zaƙi mai danƙo, ta ce na shinkafa ne, kowane maƙwabci sai an kai masa. Ba ta tambaye mu abin da muke nema a ƙasa ba, mu ma ba mu yi bayani ba. Washegari Bulus ya bi ta coci ya dawo da toka a goshi, nasu azumin ya kama. Ba a jima ba aka sanar da ganin watan namu. A jirgin dawowa ya ƙi nama, ni na ƙi komai, ma'aikaciyar jirgin ta yi ta kallon kujerunmu biyu kamar mun haɗa baki.

Daga filin jirgi Barking muka wuce. Hajiya ta riga ta ji ta waya, amma ta ce sai ta ji daga farko. Na ba ta labari. Da na zo kan bokiti mai murfi ta dafa ƙirji ta ce, "Kilishina!" Da na zo kan wace ce Tantin Kamla, ta rufe baki da mayafi.

"Wani hanin ga Allah baiwa ne," in ji ta. Sannan ta ce, "To tsaya. Man shanu fa, suna ci?"

Na ce suna ci, har fitilar ibada suke kunnawa da shi.

"Zuma? Alkama?"

"Duk suna ci."

Ta miƙe ta nufi kicin, tana magana ba ta waiwayo ba. "To alkaki zan yi mata da Salla, shi kare ba zai hana ba. Ita ta ara mana faranti, ba za a ce gidan Sani ya mayar da shi wayam ba. Bulus, kai za ka kai gidan waya, shi wannan kalanda ma bai iya dubawa ba."